Na'urar auna turjiyar ƙasa: Yadda ake kafa ta da kula da ita kafin a haƙa rijiyar burtsatse

A tsakanin Hausawa mazauna Jidda da Landan da Akara da Yawunde, ba baƙon abu ba ne a ji 'yan'uwa sun haɗa kuɗi domin a haƙa rijiyar burtsatse a garinsu na asali, sadakatul jariya ga mahaifin da ya rasu, ko taimako ga wata makarantar allo. Kuɗi su isa gida, motar haƙa ta zo, a yi kwana biyu ana ƙara da ƙura. Wani lokacin ruwa ya ɓulɓulo a yi murna. Wani lokacin kuma a nitsa mita sittin ko tamanin ba a ga komai ba sai busasshen garin dutse, ma'aikata su naɗe kayansu su tafi.

Abin da kan raba waɗannan sakamako biyu, sau da yawa, aiki ne na yini guda wanda mai ba da kuɗin ba ya gani, wato binciken ƙasa da ake yi kafin haƙa, wanda masu sana'ar kan kira safiyo. Kayan aikin ba su da yawa: akwati ne da mutum ɗaya zai iya ɗauka, da batir, da turakun ƙarfe huɗu, da dogayen wayoyi, da guduma, da tef ɗin awo. Akwatin shi ne mai tsada, shi ne kuma ake nuna wa mai aiki domin hankalinsa ya kwanta. Amma mafi yawan kurakuran da ke lalata bincike a wajen akwatin suke faruwa, a jikin turaku da wayoyi da batir, da kuma hannun mai riƙe da tef.

Me na'urar take aunawa?

Jama'a kan kira ta na'urar gano ruwa, sunan kuwa ya fi ƙarfinta. Abin da take aunawa shi ne turjiya, wato gwargwadon yadda ƙasa ke hana wutar lantarki wucewa ta cikinta. Tushen lissafin ƙa'ida ce da masanin Jamus Georg Ohm ya wallafa a 1827, don haka ma'aunin turjiya yake ɗauke da sunansa, om. Idan ana maganar turjiyar wani nau'in ƙasa ko dutse, da om-mita ake faɗarta.

Wuta ba ta cika bin ƙwayar yashi ko ta dutse ba. Ta cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin take bi, da taimakon gishirin da ya narke a cikinsa. Shi ya sa lafiyayyen dutse marar tsaga kan nuna dubban om-mita, busasshen yashi da marmara su ma su nuna adadi mai yawa, ruɓaɓɓen dutse mai riƙe da ruwa ya sauko zuwa gommai ko ɗari da wani abu, ruwan teku kuwa bai kai ko om-mita ɗaya ba.

A nan tarkon yake. Yumɓu ma yana barin wuta ta wuce cikin sauƙi, har ya fi yashi mai ruwa, alhali rowa gare shi: yana riƙe ruwa amma ba ya sakinsa ga famfo. Ruwa mai zartsi shi ma ƙaramin adadi yake nunawa. Wanda ya ɗauka duk inda lamba ta faɗi ƙasa ruwan sha ne, wata rana zai sa a haƙa rami a cikin laka.

Fasahar ta haura shekara ɗari. Conrad Schlumberger, malami a makarantar koyon aikin ma'adinai ta birnin Faris, ya yi gwajinsa na farko a 1912 a filin gidansu da ke Normandi a Faransa. A 1915 kuma Frank Wenner, ma'aikaci a hukumar ma'aunai ta Amurka, ya bayyana hanyar auna turjiyar ƙasa da turaku huɗu masu tazara iri ɗaya. Har yau sunayen mutanen nan biyu ake kiran manyan hanyoyin jera turaku da su. A jami'o'i da hukumomin ruwa na Najeriya, na'urar Terrameter ta kamfanin ABEM na Suwidin na cikin waɗanda aka fi sani, akwai kuma Syscal ta Faransa da wasu.

Dalilin turaku huɗu

Ana jera turakun a layi ɗaya miƙaƙƙe. Biyu na gefe, waɗanda ake kira A da B, su ne ke tura wuta cikin ƙasa. Biyu na tsakiya, M da N, aikinsu sauraro ne kawai: suna auna bambancin ƙarfin wutar tsakanin wurare biyu. Da a ce turaku biyu ne kacal suke turawa suke kuma aunawa, da abin da za a karanta mafi yawansa turjiyar 'yar ƙasar da ke manne da jikin ƙarfen ce, wadda ba ita ake nema ba.

A tsarin Wenner, tazarar da ke tsakanin kowane turke da maƙwabcinsa ɗaya ce, lissafin kuma mai sauƙi ne: a ninka tazarar da abin da na'ura ta karanta, sannan a ninka da 6.28. Misali, idan tazarar mita 10 ce, na'ura ta nuna om 1.5, amsar za ta kama kusan om-mita 94. A tsarin Schlumberger, wanda masu neman ruwa suka fi amfani da shi, ana barin M da N kusa da juna a tsakiya, a riƙa matsar da A da B waje mataki-mataki: mita ɗaya kowane gefe, sai biyu, sai uku, a tafi goma, ashirin, hamsin, har ɗari ko fiye. Duk sa'ad da suka ƙara nisa, wutar na ƙara nitsawa. Ƙa'idar ita ce kada tazarar M da N ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na tazarar A da B.

Zurfin da ake iya hangowa, a ƙiyasi, kusan kashi ɗaya ne cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na tsawon layin gaba ɗaya. Wannan magana tana da nauyi ga mai son rijiya a cikin birni. Wanda ke son sanin abin da ke mita 40 ko 50 ƙarƙashin gidansa yana buƙatar layi mai tsawon kusan mita 200, a lungunan tsohon birnin Kano ko Zariya kuwa ina za a sami wannan fili? Idan aka ja waya mita sittin a cikin lungu, sannan rahoto ya zo yana cewa akwai ruwa a mita tamanin, to wannan adadi ba daga na'urar ya fito ba.

Yadda ake kafa kayan aiki

Zaɓen layi shi ne farkon aiki. Ana son wuri miƙaƙƙe marar tudu da kwari sosai, nesa da bututun ƙarfe da aka binne, da shingen waya, da taransifoma, da manyan wayoyin lantarki. Ƙarfen da ke kwance a ƙasa yakan janye wutar ya bi da ita ta gajeriyar hanya, sai lambobi su faɗi kamar an tarar da ruwa. Idan babu makawa sai an haɗu da bututu ko shinge, gara layin ya gitta shi da ya bi gefensa.

Sai awo. A nan ne aka fi yin sakaci, domin aiki ne da kan faɗa hannun yaran da aka ɗauka haya a ranar. Kuskuren taku ɗaya a turken da ke nisan mita ɗari ba wani abu ba ne. Amma idan tazarar M da N mita ɗaya ce aka yi kuskuren santimita goma, amsar ta karkace da kusan kashi goma cikin ɗari, kuma duk karatun da aka ɗauka da wannan tazara zai gaji karkatar. Turakun tsakiya, saboda haka, shugaban aiki ne ya kamata ya kafa su da hannunsa.

Turke mafi kyau shi ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai tsawon kamu biyu zuwa uku. Ana buga shi da guduma har ya kama ƙasa ya daina girgiza, sai dai a matakan farko, lokacin da turakun suke kusa da juna, ba a so ya nitse da yawa, domin lissafin ya ɗauka cewa a fuskar ƙasa suke.

Babbar matsalar ƙasashen Sahel ita ce bushewar fuskar ƙasa. Daga tsakiyar hunturu zuwa ƙarshen bazara, yashin sama kan bushe ƙayau har wuta ta kasa shiga, na'ura ta riƙa nuna alamar kuskure ko lambobi su riƙa rawa. Maganin da aka saba da shi shi ne a tone busasshen yashin har a tarar da ƙasa mai ɗan sanyi, a zuba ruwa da ɗan gishiri a gindin turken, a jira 'yan mintoci ya tsuma. Idan bai isa ba, a kafa turaku biyu ko uku kusa da juna a haɗa su da waya su zama ɗaya. Sai dai a kula: idan turakun suna kusa, kada a kwarara ruwan gishiri har ya malala daga wannan zuwa wancan, domin an gina wa wutar gada ke nan. Tawagar da ta fito aiki a watan Maris ba ta ɗauko jarkar ruwa ba, ba ta shirya ba.

Wayoyi huɗu ne ke zuwa akwatin, kowacce da ramin da aka rubuta mata. Ana raba wayoyin tura wuta da na sauraro, kada su kwanta a kan juna ko su harɗe, abin naɗe wayar A da B kuma a ajiye shi nesa da turakun tsakiya. Akwatin kansa a sa shi a inuwa, a kan tabarma ko kujera, domin zafin rana kan baƙanta fuskarsa har a kasa karanta lambobi.

Kafin a danna maɓalli akwai maganar rai. Waɗannan na'urori na iya fitar da ɗaruruwan bolt, isassu su kashe mutum. Mai na'ura ba ya kunna wuta sai mutanen da ke gefe biyu sun tabbatar masa, da murya ko ta waya, cewa sun saki turke sun ja da baya. A ƙauye, inda yara kan yi dafifi su kalli baƙi, awaki da shanu kuma suna ratsa layin, dole a tsayar da mutum a kowane turken gefe. Idan hadari ya haɗo ana walƙiya, a cire wayoyi daga akwati a dakata, domin waya mai tsawon mita ɗari biyu a shimfiɗe a fili ba abin tsayawa kusa da ita ba ne.

Yadda ake gane karatu na gaskiya

Na'urar ba ta tura wuta ta fuska ɗaya kawai. Takan juya ta gaba da baya sau da dama ta ɗauki matsakaici, domin ta kawar da tasirin cajin da ke taruwa a jikin ƙarfe da kuma 'yar wutar da ke yawo a ƙasa da kanta. Idan karatun da aka maimaita suka yi kusa da juna ƙwarai, alama ce mai kyau. Idan suna tsalle, a koma a duba turaku kafin a rubuta komai.

Yayin da A da B suke ƙara nisa, abin da M da N ke ji yana raguwa, har a kai inda dole a buɗa su. Duk lokacin da aka yi haka, ana maimaita karatu ba tare da an motsa A da B ba, ɗaya da tsohuwar tazara ɗaya da sabuwa, domin a ga yadda sassan biyu za su haɗu. Akwai kuma gwajin musanya: a mayar da wayoyin turawa su zama na sauraro, na sauraro su zama na turawa. A ƙa'ida amsar ba ta canzawa, in ta canza sosai akwai matsala a kayan aiki.

Gogaggen mai bincike yakan zana kowane karatu a takardar zane tun yana filin. Layin da ke fitowa ya kamata ya lanƙwasa a hankali. A ƙasar da ke shimfiɗe hawa-hawa, ba ya taɓa hawa da tsayin da ya wuce digiri 45, don haka ɗigon da ya yi tsalle shi kaɗai, ko hawan da ya miƙe kamar bango, yana nufin ko waya na yoyo, ko an yi kuskuren awo, ko akwai wani abu a gefen layin. Gyara shi a filin minti biyar ne. Gano shi a ofis bayan an dawo daga tafiyar kilomita ɗari uku yakan kai mutum ga jarabar goge lambar ya rubuta wadda ta yi masa daɗi, manhajar kwamfuta kuwa duk abin da aka ba ta za ta zana shi da launi mai kyau.

Kula da kayan aiki

Waya ita ce ta fi saurin mutuwa. Ana jan ta a kan tsakuwa da ƙaya, babur ya taka, ɓera ya ɗanɗana a ɗakin ajiya. Ƙaramin yanka a jikin robarta ya isa wuta ta zurara ƙasa a inda ba a sani ba, in kuma wurin yana kusa da turakun tsakiya, ko ƙasa na da raɓa, karatu ya lalace ba tare da na'ura ta yi ƙorafi ba. Gwajin mai sauƙi ne: a cire wayar daga turken gefe, a ɗora bakinta a kan busasshen abu yadda ba ta taɓa ƙasa ko mutum ba, a gwada tura wuta. Idan na'ura ta nuna wuta na wucewa, akwai yoyo. Kowace yamma, lokacin naɗewa, mutum ya bi wayar da tsumma a hannu yana goge ta yana jin inda ta yi rauni. Inda ta yanke a haɗa da dalma a rufe da kyau. Ƙulli da leda ba gyara ba ne.

Maƙalan da ke kama turke, masu haƙora, sukan yi tsatsa ko su saki. A goge su da samfefa tare da kan turakun, a miƙe turken da ya lanƙwashe, a riƙa tafiya da na ajiya.

Batir shi ne na biyu. Irin mai ruwan acid na bolt 12, wanda da yawa ke amfani da shi, ba ya yafe wa wanda ya bar shi babu caji: makonni kaɗan a haka sai ya daina riƙe wuta. A yi masa caji daren da aka dawo, in kuma kayan za su daɗe a ajiye, a riƙa waiwayarsa duk wata. Batirin da ya raunana yakan yaudari mutum, domin zai yi aiki lafiya a matakan farko, sai an kai nesa inda ake buƙatar wuta mai yawa, wato daidai zurfin da ake neman ruwan, sannan ya gaza. Zafi ma makashinsa ne, barin kaya a cikin rufaffiyar mota da tsakar rana a watan Afrilu yana rage kwanan batir da na akwatin baki ɗaya.

Akwatin ba ya son abu biyu, ƙura da laima. Ƙurar hunturu kan shiga ramukan wayoyi, a fitar da ita da busasshen buroshi mai laushi, ba da fetur ko ruwa ba. Da damina a bar shi ya sha iska kafin a rufe, a sa 'yan ƙunshin nan masu shanye laima a cikin jakarsa. Kowace tawaga kuma ta mallaki 'yar na'urar gwaji mai turjiyar da aka riga aka sani, a haɗa ta da akwatin kafin fita da bayan dawowa. Idan an san om 10 ce akwatin ya ce 12, to duk abin da ya faɗa a ranar abin tuhuma ne. A rubuta sakamakon a littafi da kwanan wata, domin lalacewar irin wannan kaya a hankali take zuwa.

Ga wanda ke ƙetare yake son saya wa ɗan'uwa ko wata ƙungiya na'urar da aka yi amfani da ita, ya tabbatar tana tare da cajarta da littafinta, kuma har yanzu ana samun batirinta. Ya kuma bambance ta da ƙananan na'urorin nan da suka cika kasuwa, masu turaku biyu, waɗanda ke zana hoto mai launi nan take. Su ba sa tura wuta cikin ƙasa, 'yar wutar da ke cikinta suke saurara, kuma masana ruwan ƙarƙashin ƙasa da dama suna ɗari-ɗari da dogaro da su kaɗai.

Masu binciken kufai

Ba masu neman ruwa kaɗai ke amfani da wannan fasaha ba. Injiniyoyin lantarki kan auna turjiyar ƙasa kafin su binne sandar kariya ta tashar wuta ko ta dogon ƙarfen sadarwa. Masu binciken tarihi su ma sun karɓe ta tun 1946, lokacin da Richard Atkinson ya gwada ta a Dorchester da ke bakin kogin Thames a Ingila. Nasu kayan, irin RM15 na kamfanin Geoscan, wani firam ne mai turaku biyu a tazarar rabin mita, mutum na tafe yana caka shi a ƙasa taku bayan taku a cikin filin da aka yanka murabba'i-murabba'i, sauran turaku biyun kuma suna kafe a nisan aƙalla mita 15. Ba ya hangen abin da ya wuce kimanin mita ɗaya. Harsashin ginin dutse kan fito da turjiya mai yawa, tsohon rami ko gwalalon da ya cike ya fito da kaɗan. Idan waya ta ƙare aka matsar da turakun nesa, sai an daidaita tazararsu har karatu a wuri ɗaya ya koma yadda yake, in ba haka ba taswirar za ta fito kamar zanen da aka yi wa faci.

Inda binciken ya fi amfani

Ba ko'ina buƙatar take ɗaya ba. Kano da Zariya da Kaduna da wani sashe na Katsina da Bauchi a kan tsohon dutse mai tauri suke, haka ma Damagaram, wadda ta daɗe tana fama da ƙarancin ruwa. A irin wannan ƙasa ruwa a wuri biyu yake ɓuya: a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, da cikin tsagogin da ke ƙarƙashinsa. Rijiya biyu masu nisan mita hamsin, ɗaya na iya cika ɗaya ta bushe. Zanen da ake fata a nan shi ne wanda ya fara da sama saboda busasshiyar marmara, ya sauko ya daɗe a ƙasa, sannan ya hau idan ya tarar da dutse. A yankin tafkin Chadi da ƙasar Sakkwato kuwa, inda yashi da yumɓu suke shimfiɗe hawa-hawa, a wasu wuraren har zurfin ɗaruruwan mita, bayanan rijiyoyin maƙwabta kan yi amfani kamar na'urar ko fiye.

Lissafin awon wuri ɗaya ya ɗauka cewa ƙasa a kwance take kamar tabarmi a kan juna, don haka yana iya tsallake tsagar da ke tsaye. Wannan ne ya sa a aikin rijiyoyin karkara na hukumar KNARDA a jihar Kano, a shekarun 1980, aka haɗa hanyoyi biyu: a fara ratsa fili da na'urar maganaɗisu a gano inda ƙasa ta bambanta, sannan a kafa turaku a wuraren da aka zaɓa.

Wanda ya biya kuɗin bincike, ko yana Madina ko Mancesta, yana da haƙƙin a turo masa abubuwa kaɗan: jadawalin ainihin karatun da aka ɗauka tare da tazarar kowanne, tsawon layin da aka ja, wurare nawa aka gwada, sunan na'urar, da lambobin GPS na wurin da aka zaɓa. A Najeriya yana iya tambaya ko mai binciken yana da rajista da hukumar COMEG, wadda ke yi wa masana ƙasa da injiniyoyin ma'adinai rajista. Wurin da aka zaɓa kuma a kafa masa alama da siminti a gaban mai unguwa ko limami. Turken itace yara kan cire shi kafin mako ya zagayo, direban motar haƙa kuma, in bai tarar da alama ba, inda motarsa ta fi samun sauƙin tsayawa nan zai kafa injinsa.